Alhaji, Ai Fostarka Ma 'Yar Inji Ce

Na san halinku. Da an nuna muku fostar fim a waya, jaruma tana ƙyafta ido, hayaƙi yana tashi a bayanta, sai ku taɓe baki: "Wannan ai wasan yara ne. Mu a zamaninmu..." To Alhaji, gyara zama, mu lissafa zamanin naku.

A 1796 wani Bajamushe, Alois Senefelder, ya gano cewa idan aka yi zane da abu mai maiƙo a kan wani dutse mai santsi, aka jiƙa dutsen, tawada ba ta kama ko'ina sai inda maiƙon yake. Shi ke nan, dutse ɗaya ya riƙa haifar kwafi ɗaruruwa. Da wannan dabara mai zane Jules Chéret ya buɗe maɗaba'arsa a Paris a 1866, kowane launi da dutsensa, ja da rawaya da shuɗi, ana buga wani kan wani. Da me ya cika bangon birnin? Da 'yan rawa, ƙafa a sama, tufafi suna kaɗawa. Haka Toulouse-Lautrec ya yi a fostar gidan rawar Moulin Rouge ta 1891. Tun a lokacin fosta take son tashi ta taka, takarda ce ta riƙe mata ƙafa.

"Amma ai su da hannu suka zana!" Na ba ku wannan. In hannu kuke so tsantsa, ku leƙa Ghana ta shekarun 1980, inda masu yawo da bidiyo ƙauye-ƙauye suke sa a zana musu fosta da fenti a jikin buhun fulawa. Wani mai zanen ko fim ɗin bai kalla ba, sai ya ƙara wa jarumi ƙwanji, ya zuba jini son ransa. Yau ana sayen buhunan nan da tsada a Turai da Amurka.

Sai dai ba su kuke kewa ba. Kewarku ta fostocin Kannywood ce, waɗanda kuka riƙa gani a shagunan kaset na Ƙofar Wambai, kuma waɗannan kwamfuta ce ta haife su. Manhajar CorelDraw ta fito a 1989, Photoshop a 1990. Yaro a shago zai yanko kawuna takwas ya jera, babban jarumi a tsakiya, a goge fuskar kowa har ta yi sheƙi, mugu kuma a tura shi lungu. Ba ku ce uffan ba. Har sayenta kuka yi kuka liƙa a ɗaki.

Manhajar After Effects mai sa hoto motsi ta zo a 1993, daga baya waya ta shiga aljihun kowa. A da mai tafiya a titi ake tarewa, yanzu babban yatsa ake roƙo ya dakata. Shi ya sa fostar take motsi na 'yan daƙiƙoƙi ta sake komawa farko, suna da ranar fitowa suna nan ba su gusa ba.

Ta takarda tana da nata alherin: ba ta neman data, ba ta neman caji, in ta tsufa mai ƙosai ta samu abin naɗi. Amma ku ne dai kuke ƙorafi duk zaɓe cewa an lulluɓe muku katanga da fuskokin 'yan takara, kuna kankarewa da wuƙa.

Wai ma tsaya, Alhaji. Hoton barka da Juma'a da kake turo mana a WhatsApp tun da asuba, mai furannin nan da suke walƙiya, a wace maɗaba'a aka buga maka shi?