Ɓeran Dala Miliyan Biyar

A 2021 Ba'amurke Logan Paul ya mallaki katin Pokémon guda ɗaya tak, Pikachu Illustrator, a kan dala miliyan 5.275. Zanen ɓera ne rawaya, aikin Atsuko Nishida, wanda aka raba wa gwanayen gasar zane a Japan a 1998.

Mu ma yaran cikin birni mun tara namu, hotunan 'yan ƙwallo da jaruman Indiya na cikin cingam. Da su iyayenmu mata suka hura gawayi.

Kai wannan ɓeran Kasuwar Kurmi ka gani. Dillali zai juya shi gaba da baya, ya ce: "Alhaji, naira ɗari biyu. Albarka? To ina sauran kartar? Ai guda ɗaya ba ta yin Whot."