Yadda Gwaggon Birin Gashaka Ya Zare Mini Mazagi

Laifin na majalisarmu ta Gyadi-Gyadi ne. Da kaka ta yi, ruwa ya ɗauke a Kano, dafaffiyar gyaɗa ta cika bakin titi, sai wani daga cikinmu ya ce mu 'yan birni mun lalace, babu wanda ya taɓa kwana a inda ba wutar lantarki ba ruwan famfo. Aka ce masa ai kullum a haka muke kwana. Ya ce shi daji yake nufi, mai duwatsu, a kafa tanti a kwana ana jin kukan namun dawa. Kafin mai shayi ya kwashe kofunansa an tsayar da Gashaka-Gumti, gandun dajin ƙasa mafi girma a Najeriya, wanda aka kafa a 1991, ya ratsa Taraba da Adamawa har bakin iyakar Kamaru, faɗinsa ya haura murabba'in kilomita 6,000. A can Chappal Waddi yake, dutsen da ya fi kowanne tsawo a ƙasar nan, mita 2,419. Ni kuwa iyakar hawan da na taɓa yi a duniya Dala ce, ita ma ina yi ina hutawa a matakala.

Tanti na samo a gwanjo. Mai kayan ya ce wani Bature ne ya kwana a ciki sau ɗaya tak, bai dai faɗi a wane mulki ba. Ba shi da shimfiɗar ƙasa, zif ɗinsa kuma sai an lallaɓa. Na haɗa da tabarma da ƙunshin kilishin Agadasawa mai ƙuli. Mota kuwa ta kawun wani abokinmu ce a Tarauni, ya ce zai ba mu aro bisa sharaɗi ɗaya: da shi za a tafi. A cewar Kawu, babu dabbar da bai san halinta ba, domin tun da aka buɗe gidan zoo na Audu Bako bai taɓa fashin kai yara ba ranar sallah.

Muka bi ta Gombe, Numan, Jalingo, Bali, har Serti inda hedkwatar gandun take, daga nan muka gangara wajen ƙauyen Gashaka, muka sauka a gindin duwatsu kusa da kogi. A nan muka gane kakar Kano daban, ta Gashaka daban. Damina a can takan kai Nuwamba, masu hankali sai Disamba suke fara zuwa. Chappal Waddi kuwa tafiyar kwanaki ce a ƙafa, muka haƙura da duwatsun da ke gabanmu, su ma hazo ya rufe rabinsu.

Ɗan jagoranmu ya yi gargaɗi ɗaya: duk wani abin ci a kulle shi a mota, saboda gwaggon biri. Ya ce biran wurin sun saba kwasar masara a gonakin mutanen ƙauye, kuma tun a shekarar 2000 masu bincike daga wata jami'a a Landan suka fara bin su da littafi da biro. Wato sun fi mu ganin farfesoshi.

Sai dai ɗan jagora bai san mutanen da na zo da su ba. Tsakanin Numan da Jalingo kaɗai rabin kilishina ya tafi, kowa kuma ya rantse barci yake yi. Don haka na yi abin da duk mai hankali zai yi: na shiga da ledar tanti, na ɗaure hannunta tamau a bakin mazagin wandona. Duk wanda ya taɓa, zan ji.

Na kuwa ji.

Ruwa aka kwana ana yi. Bayan sallar asuba na koma na kwanta, gari ya fara haske, sai na ji ana jan ledar a hankali, ja irin na wanda ya san abin da yake yi. Na buɗe ido ɗaya. Ga hannu nan ya shigo ta ƙarƙashin tanti, yatsu biyar cif, baƙaƙe, har da farce. Na ce yau Allah ya kama ɓarawon Numan. Na ɗaga tafi na sauke masa a bayan hannu, fas, na ce, "Haba malam, ka ji tsoron Allah mana, da sanyin safiyar nan?"

Sai da tafin ya sauka na ji gashi.

Biri dai ya yi kama da mutum, amma ban taɓa zaton kamar ta kai a yi masa wa'azi ba. Ya amsa da wani haushi mai kauri, ya fizgi leda. Na riƙe. Ya ja, na ja. A nan ne ɗaurin da na yi alfahari da shi ya nuna ingancinsa: leda ba ta rabu da mazagi ba, mazagin ne ya rabu da wando. Na ji shi yana zarewa daga ƙubaka, suuu, yana zagaya ƙuguna daga dama zuwa hagu, a natse, ba gaggawa. Har yau in na kwanta ina jin wannan tafiyar tasa. Na sha lissafawa: da na saki ledar na cafke bakin mazagi, da yanzu ina da mutunci. Da na bar masa duka na zauna, da ba wanda ya sani. Ƙafafuna suka yanke nasu hukuncin, suka miƙe.

Turakun tantin dama ruwan dare ya jiƙa ƙasarsu, suka tuge gaba ɗaya. Tanti ya taso tare da ni, sandunansa suka harɗe a kafaɗuna, igiya ta naɗe hannuna na dama, na hagu yana neman zif, zif ya ce bai san zancen ba. Na yi taku ɗaya, na yi na biyu. A na gaba wando ya sauka, salin alin, ya kwanta a idon sawuna.

Ga yadda aka ce hoton yake, don ni ban gani ba. Daga ƙugu zuwa sama koren tanti ne yana rawa kamar rumfar mai lemo a iskar hadari. Daga ƙugu zuwa ƙasa gajeren wando ne ja mai tambarin Arsenal, sai ƙafafu biyu da ba su saba ganin rana ba. A kan wani dutse can gefe, gwaggon biri ya zauna ya buɗe leda, mazagina yana reto a hannunsa.

Da a ce mu kaɗai ne, da da sauƙi. Daidai lokacin wasu matan Fulani suka biyo hanyar da ƙoren nono a ka. Na ji ɗaya ta yi salati, na ji ƙwarya ta ƙwanƙwashi ƙwarya, sai dariyar da ake dannewa da gefen zane. A ɗaya gefen kuma ɗaliban wata jami'a ne da suka zo nazarin itatuwa, maza da mata, kowa da waya a hannu. Ranar ba su yi nazarin itace ba.

Kawu yana zaune a kan darduma da kofin shayi, bai ko motsa ba. Muryarsa ce ta fara iso ni cikin tanti.

"Ɗana, kada ka kalle shi ido cikin ido!"

Na ce, "Kawu, ni ko hannuna ba na gani!"

"Madalla, ci gaba da hakan. Kuma kada ka yi masa murmushi. In ya ga haƙori, faɗa yake ɗauka."

Wallahi a cikin duk abin da ke raina a lokacin, murmushi ba ya ciki. Na ce a zo a cire mini tantin. Kawu ya ce a'a, kada kowa ya matsa, tantin nan shi ne rufin asirina, domin birin bai san ko ni wane ne ba. Ya kurɓi shayi, na ji kurɓar. Sai ya ce in buɗe kafaɗa in ƙara girma, dabba tana girmama babba. Mutum yana sanye da ɗaki sukutum, ana ce masa ya ƙara girma.

Na sunkuya in jawo wando, sanda ta soki ƙasa, tanti ya dawo da ni tsaye. Na sake sunkuyawa, iska ta cika shi, na yi baya-baya, wandon da ke ƙafata ya harɗe ni, na yi tsalle biyu da ƙafafu a haɗe. Wata ɗaliba ta ce, "Wayyo, cikina!" Abokaina na majalisa, waɗanda muka ci gurasa a faranti ɗaya shekara da shekaru, ba wanda ya iya tashi daga inda dariya ta kayar da shi.

"Yi masa magana da taushi," in ji Kawu.

Na ce, "Me zan ce masa?"

"Ka ce ya bar maka mazagin, ya riƙe naman. A yi sulhu." Ya ɗan yi shiru, sannan ya ƙara da cewa, "Amma fa birin nan ba na Kano ba ne, da wuya ya ji Hausa. Wa ya iya Fulatanci a nan?"

Ɗaya daga cikin matan, Allah ya saka mata, ta ɗauki maganar da gaske. Ta juya wajen dutsen ta yi wa biri doguwar magana. Ban san me ta ce ba, amma sauran suka sauke ƙorensu ƙasa don kada nono ya zube. Kawu ya ce, "Ka ji ko? Yana saurare." Abin da ni na ji shi ne ƙarar kilishi ana tauna, ƙurus ƙurus, mai ƙulin nan da na yi ta ɓoyo tun daga Kano.

Ɗan jagora ne ya dawo daga bakin kogi da buta a hannu. Ya tafa hannu sau ɗaya, ya ce, "Kai!" Gwaggon biri ya sauko daga dutse a hankali, ya tattara leda da mazagi, ya shige kurmi yana rangaji. Aka ɗage mini tanti. Na tsuguna na jawo wando na riƙe da hannu biyu, na gaida matan, suka amsa suna kallon sama.

Kawu ya ajiye kofi, ya dube ni daga sama har ƙasa, ya ce duk na bi shawararsa shi ya sa aka rabu lafiya. Ya ce abu biyu ne kawai suka rage. Na farko, mutum mai iyali bai kamata a gan shi da Arsenal ba.

Na ce, "Na biyun fa, Kawu?"

Ya ce, "Baɗi ka sa bel."