Sarkin Kufena Ya Sha Ruwan Tiga

Bazazzage bawana, ka isa gida lafiya? Ina tambaya ne don matan Zumunta sun ce sun ga mota ta ɗauke ka a Kura kana zaune a karkace kamar mai maruru. Na ce su bar ka, haka zaman Zage-zagi yake tun kaka da kakanni.

Wata uku kana cika mana kunne a waya. Kai ɗan Wusasa ne, a gindin Kufena aka yanke maka cibiya, kafin ka iya tafiya ka iya hawan dutse. Majami'arku tun 1929 take tsaye, lokacin mu ko benci ba mu da shi. Duk mun ji, ba mu musa ba. Da matasan majami'armu suka shirya fita a kan keke ranar Asabar, daga wajen Bunkure mu bi bakin kanal har Kadawa, cewa ka yi wannan ai yawon yara ne, ƙasa a shimfiɗe kamar faifai. To, ya ka ga faifan?

Shigarka kaɗai abin kallo ce. Hular kwano mai huji-huji, keken aro mai giya ashirin da ɗaya, da wani matsattsen wando da ya sa Baba Dattijo ya kawar da kai yana gyaran murya. Mu kuwa tsofaffin kekunanmu na kai taki gona muka hau, kariya ɗaure da roba. Da Fasto ya roƙi Ubangiji ya tsare tafiyarmu da komowarmu, amin ɗinka ta fi ta kowa ƙarfi. Ashe kai ka san abin da gwiwarka take gaya maka.

Hanyar bakin kanal ba kwalta ba ce, sawun tarakta ne da na amalanke, ga iskar hunturu tana tura mutum baya. Ruwan nan da ka ga yana tafiya shiru, daga Tiga yake, dam ɗin da aka fara zamanin Gwamna Audu Bako aka gama a 1974, kuma da kansa yake gangarowa gonaki ba inji. Shi ne ya sa a tsakiyar rani alkama take kore shar a dama, tumatir ya yi jajir a hagu, balbela na bin masu ban ruwa. Kai kuma duk taku kaɗan sai ka dira, wai za ka ɗauki hoto. Haba Sarkin Kufena! Malaman gona na Samaru, 'yan garinku, tashar bincike gare su a nan Kadawa, amma kai ba ka taɓa ganin alkama ba sai a burodi? Mun dai ji yadda kake haki, ba mu ce komai ba.

Sai a 'yar gadar simintin nan. Wani yaro da bai wuce shekara goma sha biyu ba, kwando biyu na tumatir a bayan kekensa zai kai Kwanar Gafan, ya kaɗa maka ƙararrawa ya ce, "Baba, a ba ni hanya." Ban san wanne ya fi maka zafi ba, Baban ko wucewar. Ka damƙe birkin gaba, keke ya tsaya, kai ba ka tsaya ba. Tsundum! Ruwa iya gwiwa, amma kana riƙe da ciyawar kachala kana ihun a cece ka. Wani Alhaji mai gonar albasa ya yar da fartanya ya ciro ka, ya ba ka rigarsa, ya dube ka sama da ƙasa ya ce, "Sannu baƙo. Daga Zariya ko?" Babu wanda ya gaya masa fa. Fasto dai ya ce a sanar da kai baftisma sau ɗaya ake yi.

Gaskiya ɗaya ce, ba zan ci haƙƙinka ba. Da tayar 'yar autar mawaƙanmu ta yi faci, kai ka durƙusa da jiƙaƙƙen wando ka liƙe mata, ka bi ta a baya har muka isa. Da aka zauna a gindin mangwaro kuma kai ka ja waƙa, muryar nan taka ta sa har masu tsinkar tumatir suka ɗago kai. Sai dai da aka buɗe gurasa bandashe da kwaɗon zogale, nan ne muka ga ainihin hawan dutse: tulin da ke gabanka ya kai rabin Kufena, ka kuma kai shi ƙasa ba ka tsaya ɗaukar hoto ba.

Watan Maris za mu Rurum, can kusa da Tiga, a ƙafa, duwatsu zalla, don kada ka ce ba a yi da kai a fagenka ba. Ka taho da rigar Alhaji a wanke a goge, da kuɗin sharata na bara da ka maƙale. Takalminka na hagu kuwa ka haƙura, yaran Kadawa sun ce sun gan shi ya yi wajen Kura, ya riga ka isa.