Wa Ya Ce Kabi Ba Ta Da Tudu?

Duk wanda ya ce maka ƙasar Kabi shimfiɗaɗɗiya ce, tambaye shi da me yake yawo. In ya ce mota, yi masa uzuri. Mai mota ɗan yatsan ƙafarsa ne kawai ke sanin an zo hawa, shi ma ɗan dannawa zai yi a wuce. Mai keke kuwa da cinyarsa yake auna ƙasa, kuma cinya ba ta karɓar cin hanci.

Ba son ilimin ƙasa ne ya haɗa ni da keke ba. Tun ranar 29 ga Mayun 2023 da aka ce an janye tallafin man fetur, litar da muke saye ƙasa da naira 200 ta haura 500 kafin mako ya zagayo. Babur ɗina ya samu hutun da bai nema ba, 'yan kabu-kabu suka ninka kuɗi, albashi kuwa ya tsaya inda aka bar shi. Na daure har hunturu ya shigo, sannan na tafi gaida Kawu, gaisuwar da shi kansa ya san akwai magana a bayanta, domin idona bai bar kan keken da ke jingine a zaurensa ba.

Baƙin Raleigh ne, irin na malaman makaranta da ma'aikatan En'e na da. Taya inci 28, birkin sanda, sirdin fata da ya ɗauki surar mazaunan Kawu ya ƙi karɓar na kowa, ga kariya a baya da za ta iya ɗaukar rago. Giyarsa ɗaya tak. Kowane zagaye na feda yana tura ka fiye da mita 5, abin da ke sa mutum ya ji kansa basarake a miƙaƙƙiyar hanya. Amma in aka zo hawa, mita 5 ɗin nan dai zai nema daga gare ka, babu ragi babu sulhu. Yaran yanzu masu keke mai giya 18 ko 21 sai su sauya giya su hau suna fito. Raleigh ba ya sauya ra'ayi.

Kawu ya ce, "Keken ga ya girme ka. Ka girmama shi." Na ce to, Kawu. Ya ce tunda Allah ya kawo mai ƙafa, akwai shansherarsa a fadama da ba a kwaso ba.

A nan na fara karatu. Tsohon garin Birnin Kebbi bisa tudu yake, yana kallon fadamar gulbin Rima daga sama, haka ma Argungu da yawancin garuruwan da ke jere a bakin wannan kwari. Kakanninmu ba wawaye ba ne. Duk wanda ya ga ambaliyar 2010, ko ta 2020 da ta shafe gonakin shinkafa a faɗin jihar, ya san dalilin da ya sa ake kwana a tudu a yi noma a kwari. Sai dai wannan hikima ba ta yi shawara da mai keke ba. Da safe, lokacin da kake da ƙarfi, cikinka da kunu, kariyarka babu kaya, hanya gangara ce, ba a buƙatar ƙarfin naka. Da rana ta take, ka gaji, ka ɗaura buhu, a lokacin ne hanyar za ta miƙe tsaye. Da a ce gona ce a sama gida a ƙasa, da manoman Kabi sun fi kowa ƙiba.

Gangarawar ta yi daɗi har na saki feda ina gaida mutane da hannu ɗaya. Dawowar ce labari. Na ɗaure buhun shanshera a kan kariya da igiyar roba, na ja baya don in samo gudu, na tunkari hawan da bismilla. Kashin farko na ci shi. Daga nan keken ya fara tunani. Na tashi tsaye a kan feda, na zuba duk nauyina, ban san cewa buhun da ke bayana ya fi ni hujja ba. Tayar gaba ta ɗaga sama a hankali, cikin natsuwa, ni da keke muka yi irin tsayuwar dokin da aka ja wa linzami a gaban Sarkin Gwandu ranar hawan salla, sai dai ni babu mai yi mini kirari. Buhu ya sauka, ni na sauka a kan buhu, keke ya sauka a kaina.

Wani dattijo da ke tahowa a bayana da nasa keken ya tsaya. Bai yi dariya ba, abin da ya fi dariyar ciwo. Ya ce, "Sannu ɗana. Ma'aikaci na kai ko?" Na ce haka ne, Baba. Ya gyaɗa kai, alamar an gano cutar. Sannan ya nuna mini nasa: bai ɗora buhu a kariya ba, cusa shi ya yi a tsakiyar ƙarfen keken, tsakanin sirdi da kai, nauyin ya zauna ƙasa tsakanin tayoyi biyu. Kuma ba ya hawa, turawa yake, yana ratsa hanyar dama da hagu maimakon ya fuskanci tudun kai tsaye, domin tafiyar ta ƙara tsawo amma tsayuwarta ta ragu. Abin da injiniyoyi ke yi ke nan in za su fasa titi a jikin dutse. Ya ce, "Keke na ɗaukar ka ga gangare, kai ka ɗauke shi ga tudu. Zumunci na."

Wannan tudun Allah ne, ba a yi masa ƙorafi. Waɗanda suka fi ci mini rai su ne na 'yan Adam. Tun da aka ƙirƙiro jihar a 1991 garin ke faɗaɗa, daga Gesse har Badariya da Bayan Kara, kuma duk wanda ya gina gida sai ya zuba gangaren siminti daga ƙofarsa ya tsallake lambatu har cikin titi, don motarsa ta shiga ba tare da ta gogi ciki ba. Gefen titi kuwa shi ne rabon mai keke. Sai ka riƙa hawa kana sauka a ƙofar kowane Alhaji, kana sanin arzikin mutum daga tsayin simintinsa. Ga kuma tudun rage gudu, wanda kowace unguwa ke ginawa gwargwadon fushinta. Ban ga laifinsu ba, yara ake karewa. Amma wanda aka yi don tirela, mai keke ne ke biyan kuɗinsa da ƙashin bayansa.

Na taɓa ba mai facin unguwarmu labarin birnin Trondheim na ƙasar Nowe, inda tun 1993 suka kafa wata na'ura a jikin wani tudu: mai keke ya ɗora ƙafar dama a kan ɗan ƙarfe, ƙarfen ya tura shi har sama, tafiyar kusan mita 130. Ya ajiye tub ɗin da yake shafa wa gam, ya dube ni ya ce, "In an ɗauke wuta tsakiyar tudu hwa?"

Da ƙafata ta ɗan yi ƙwari, sai girman kai ya shigo. Uwargida ta yi maganar busasshen kifin Argungu, ta ce a ba wani direba saƙo. Na ce wane direba, alhali ga ni ga Raleigh? Kilomita 50 ne da 'yan kai. Ta ce, "Malam, Argungu fa." Na ce na ji, ba Agadas aka ce ba.

Na fita bayan asuba. Argungu tana arewa maso gabas da Birnin Kebbi, iskar hunturu kuma daga arewa maso gabas take busowa. Wato tun daga Gwadangaji iskar ta dafa mini ƙirji, ba ta ɗauke hannu ba. Hanyar da na sha bi a mota ina gyangyaɗi, ina rantsuwa babu ko kunya a cikinta, ashe hawa ne da sauka a jere, dogaye, marasa hayaniya. Ba ka ganin su da ido. Sai dai ka ji feda ta yi nauyi, ka sauka ka duba ko taya ta sace, ka tarar lafiyarta lau. Kowace kwalbati da ɗan tudunta, kowane ƙauye da nasa jerin na rage gudu. In babbar mota ta taho da buhunan shinkafa, dole ka sauka daga kwalta, gefen kwaltar kuma ruwa ya zaizaye shi ya zama matakala. Sauka sauƙi, komawa sai an ɗaga keke.

A Ambursa na ga filin jirgin sama, na yi masa kallon da mayunwaci ke yi wa gidan biki. A Alwasa, inda aka gwabza yaƙi a 1805 zamanin jihadi, ni ma na yi nawa da cinyoyina, kuma ba ni na yi nasara ba. Na zauna gindin bishiya na sha fura, wani yaro ya tambaye ni ko keken na sayarwa ne. Da ya ƙara ko naira ɗaya a kan tayin da ya yi, da yau Kawu ba ya magana da ni.

Na shiga Argungu bayan azahar. Na sayi kifi, mai kyau, aka naɗe mini a takardar siminti na ɗaure a kariya. Da hankali ya yi aiki, da daga nan tasha zan nufa. Amma mutum ya zo garin Kanta da ƙarfin ƙafarsa, ya koma bai ga Matan Fada ba? Nan ne fa ake bikin kamun kifin da aka faro a 1934, lokacin da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya kawo ziyarar da ta rufe tsohuwar gaba tsakanin Sakkwato da Kabi, bikin da hukumar UNESCO ta sa cikin al'adun duniya a 2016. Ina son hoto, ni da keke da ruwa, don 'yan ofis.

Hanyar bakin gulbi gangara ce, kamar yadda kowace hanyar ruwa take. A samanta wasu samari na wankin babura, ruwan sabulu ya malale ya ratsa hanya. Na bi ta ciki ban damu ba. Ga wanda bai sani ba: birkin sanda roba ce ke matse bakin ƙarfen taya, ƙarfen nan kuma in ya jiƙe, robar shafa shi kawai take yi, balle an haɗa da sabulu. Na matsa birkin baya, na ji shiru. Na matsa na gaba, ya yi wata 'yar ƙara ta ban haƙuri. Na sa ƙafa ƙasa, takalmin dama ya zaɓi ya zauna a Argungu. Na kaɗa ƙararrawa, na yi salati, na yi ihun "Hanya! Hanya!" Awaki suka watse, wata mai tallan ƙosai ta yi tsalle da farantinta ba ta zubar da ko ɗaya ba, har yau ina jinjina mata. Tayar gaba ta cake a laka, keke ya tsaya cak. Ni ban tsaya ba.

Ruwan hunturu ba ya wasa. Da na ɗago kai, na ga ƙunshin kifina ya kwance, kifayen na yawo a kan ruwa ɗaya bayan ɗaya. Wani tsoho da tsagar Kabawa a kumatunsa yana zaune bisa kwale-kwale yana ɗinkin koma. Ya bi kifin da ido, ya bi ni, ya ce, "Malam, mu nan hiddo kihi mukai. Kai maido muna shi kaz zaka yi?"

Samari suka jawo ni, suka jawo keke. Tsohon ya ce, "Daga ina?" Na ce Birnin Kebbi. Ya ce, "Ƙasar Gwandu ke nan." Ya juya ga samarin, fuskarsa cike da jin daɗi. "Kakanninsu sun yi shekaru suna zakkuwa bisa dawaki ba su ci garin ga ba. Wanga ya zaka bisa keke." Tarihi na bayansa, domin tun da Yakubu Nabame ya ɗaga tutar Kabi a 1849 ba a sake cin Argungu da yaƙi ba har zuwan Turawa. Da wuya mutum ya kare martabar masarautarsa da takalmi ƙafa ɗaya.

A-kori-kura ce ta dawo da mu. Direban ya caje ni kuɗin mutum ɗaya, ya caji keken kuɗin mutum biyu, wai ya tare wurin buhu. Na sake sayen wani kifin da bashin yaron mota. In aka haɗa lissafi, da direban uwargida aka ba saƙon, da an ci kifi har wata ya mutu.

Washegari na kai wa Kawu kekensa bayan na wanke shi tas. Ya zagaya shi, ya murza tayar gaba, ta juya tana rangaji. Ya sa yatsa ƙarƙashin sirdi ya zaro wani abu, ya ɗaga shi ga haske. Kan tarwaɗa ne.

Ya ce, "Ina sauran?"

Na ce, "Kawu, sun koma gida."

Ya ce to, gyaran taya naka ne. Kuma akwai buhu shida da suka rage a fadama.