Bazazzagi, Raken Gida Ne Ya Bi Ka Har Indiya

Gaisuwa ga bawana, ɗan Zazzau mazaunin ƙasar Indiya. Saƙonka ya iso, kuma kamar yadda aka san ku, ko lafiyar ubangidanka ba ka tambaya ba ka ɓarke da kuka. An tura ka neman ilimi, ka matse kuɗin guzuri ka sayi tsohuwar sikuta ta hannu, yanzu wai gwamnatin Modi ta hana ka barci. A da, in ji ka, lita ɗaya tana kai ka kilomita 50, yanzu da ƙyar take ganin 35, don an surka fetur da etanol. Har da rantse-rantse. To gyara zama, yau Bakano zai koya maka lissafi, tunda bokon da kuke mana tinƙaho da shi bai kai ka nan ba.

Ka ma san da me ake yin etanol ɗin? Da rake, Malam. Ruwan rake, da baƙin maɗin da ke saura bayan an fitar da sukari, da masara, da karyayyar shinkafa. A jiƙa, a bari ya yi tsami, a dafa a tattara tururinsa. Wato abin da kuka gada kaka da kakanni. Kai da aka yaye ka da mazarƙwailar Maƙarfi, ka girma kana tsotsar rake kana watsa tuka a bakin hanya, ka ƙetare teku ka iske ɗan uwanka a cikin tanki, maimakon ka yi masa barka da hanya sai ka kai ƙararsa Kano. Kuma in za a faɗi gaskiya, barasa ce tsantsa, sai dai ana gurɓata ta yadda ba ta shayuwa. Ɗan gidan malamai, kullum safiya kana tsaye a layi ana ɗura wa abin hawanka barasa, kana biya. Zan rufa maka asiri a wajen mutanen gida, amma ba kyauta ba.

Su Indiyawa ba don su ɓata maka rai suka yi ba. Fiye da kashi 85 cikin ɗari na ɗanyen man da suke amfani da shi daga waje suke sayo shi da dala, sai suka ga gara wani kaso na kuɗin ya faɗa aljihun manomansu. A 2022 suka kai haɗin kashi 10, wanda ake kira E10. Da farko sun sa wa kansu 2030 su kai kashi 20, wato E20, sai suka jawo wa'adin baya, suka cimma shi a 2025. Ministan hanyoyinsu, Nitin Gadkari, in ana maganar etanol bakinsa ba ya gajiya. Kuma ba kai kaɗai ke ƙorafi ba. Har Kotun Ƙolinsu aka je neman a bar wa mutane zaɓin fetur zalla a gidajen mai, ranar 1 ga Satumba 2025 kotun ta yi watsi da ƙarar. Abin da lauyoyin Delhi suka kasa, ban ga yadda Bazazzagi mai bizar ɗalibi zai iya ba.

Ruwa ba ya tsami banza, wannan kam na ba ka. Litar etanol ba ta kai litar fetur ƙarfi ba, ta gaza da kusan kashi ɗaya cikin uku. Kamar furar da aka tsinka ce: ƙwarya cike take, amma yunwa za ta riga la'asar dawowa. Sai dai ba duk tankin ne etanol ba, kashi ɗaya ne cikin biyar. Ɗauki sulusin wannan ɗaya bisa biyar, ka ga abin da ya ragu daga ƙarfin man bai wuce kashi 6 zuwa 7 cikin ɗari ba, shi ma in ka gwada da fetur zalla, wanda tun kafin ka sauka ƙasar aka daina ba ku. Hukumar tsare-tsarensu, NITI Aayog, a rahotonta na 2021 ta ƙiyasta cewa baburan da aka saita wa E10 za su yi asarar kashi 3 zuwa 4 in an ba su E20. Kilomita 50 ɗinka ke nan ta koma 48. Don zumunci na ƙara maka, mu ce 46 da rabi. To saura kilomita goma sha ɗaya da ɗoriya, ina suka shiga?

Ni na san inda suka shiga, don na ga hoton da ka ɗora a WhatsApp ranar Juma'a. Zagezagi uku a kan sikuta ɗaya, na tsakiya ya rungume buhun shinkafa, babbar rigar na baya ta buɗe tana tare iska, tayar baya ta kwanta har ƙarfen ya kusa sumbatar kwalta. Yaushe rabonka da ka sa wa tayar nan iska? Baƙin man da ke cikin injin, na rantse wanda ya sayar maka ne ya zuba shi. Matatar iska kuwa, in bakanike ya kakkaɓe ta za a samu ƙasar da za ta isa shukar gyaɗa. Ga ka da murɗa totur a cunkoso, danja na ba da hannu ka fizga, taku ashirin ka danne birki. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan yana shan mai, in suka taru kuwa sun ninka abin da rake ya ci maka. Gwano ba ya jin warin jikinsa.

Sannan da me ka auna? Da allurar da ke gaban sikutar, wadda tun zamanin mai ita na farko take karkarwa. In kana son gaskiya, ka daure ka cika tanki har wuya, ko da yake na san Bazazzagi da cika tanki sai ranar ɗaurin aure. Rubuta lambar kilomita. Yi harkokinka, in ya yi ƙasa ka koma gidan man nan, ka sake cikawa har wuya, ka raba tafiyar da litar da ta shiga. Maimaita har ka ga lissafin ya tsaya wuri ɗaya, sannan ka zo mu yi magana.

Abin da ya kamata ya dame ka ma ba ka ambace shi ba. Sai daga Afrilun 2023 aka fara ƙera duka sababbin ababen hawa a Indiya da robobi da tiyo masu jure E20, taka kuwa ta girmi wannan da shekaru. Etanol yana cin tsohuwar roba a hankali, tiyo ya bushe ya tsage, mai ya riƙa ɗiga kana barci. Yana kuma jan raɓa. Ka ajiye sikuta da rabin tanki duk damina ka tafi hutu, ruwa da etanol su haɗu su kwanta a gindi, tanki ya yi tsatsa, ka dawo ka yi ta harba kik har gwiwa ta sage. Ga kafireto. Sababbin babura masu injekta, irin da suka yawaita tun dokar hayaƙi ta Afrilun 2020, suna gane man da aka ba su su ƙara awo da kansu. Kafireto ba ya gane komai, awon da aka saita masa shi yake bayarwa, alhali etanol ya zo da iskarsa a jikinsa. Sai mai ya yi wa injin ƙaranci, ya riƙa zafi, ya riƙa shaƙewa da safe. Je wurin bakanike ya canza tiyo, ya wanke kafireton ya sake saiti. Kuɗin bai kai abin da kake kashewa a shayin titi a wata ba.

Inda gizo ke saƙa shi ne farashi. Mutanen Burazil tun 1975 suke wannan harka da rakensu, a 2025 etanol ɗin da ke cikin fetur ɗinsu ma ya kai kashi 30. Amma can akwai famfon etanol daban da farashinsa daban, kuma kowa ya haddace ƙa'ida: in kuɗin etanol bai kai kashi 70 na kuɗin fetur ba, shi za ka sha. Tun 2009 Honda ta ƙera musu babur mai shan kowanne. A Indiya kuwa, rahoton nan na 2021 ya ba da shawarar a rage kuɗin man da aka surka don a cike wa mutane giɓi, amma ba a rage ba, zaɓi kuma babu. Da kukan da ka yi ke nan, da na taya ka, don Bakano in aka taɓa kobo ba a yi masa bayani ba ya san zafinsa.

Ka buɗe ido ka koyi abin, don Boxer da TVS da 'yan acaɓarmu ke hawa daga can suke zuwa. Tun 2007 Najeriya ta rubuta manufar haɗa kashi 10, tana nan a takarda. Jama'a kuma ba su manta da man Fabrairun 2022 mai yawan metanol ba, wanda ya kashe injuna ya jawo dogayen layuka, ko da yake wannan wani sinadari ne daban, ba ɗan rake ba. Ranar da abin ya tabbata, manoman rake da masarar ƙasar Zazzau ne za su fara dariya, mu kuma mu zo da motoci mu saye a gona mu sayar muku a famfo. Kafin nan, ka sa wa taya iska, ka sauke mutum ɗaya daga goyo, rarar da ta fito ka tara mini. Watan cika-ciki na tafe, kuɗin shara na bara ma ba ka biya ba, kuma ba na karɓar rufi, a canza mini zuwa naira.