Masarautar Ɗaki Biyu da Falo

Duk wanda ya taɓa riƙe wa mai fenti tsani a Ingila ya san akwai wata lalura da ke kama masu gida da zarar hunturu ya kawo kai. Mutum zai kwana lafiya lau a gidansa mai ɗaki biyu da falo, bangonsa haɗe da na maƙwabta hagu da dama, gari na wayewa ya ce shi fa fadar sarakunan Turai ta shekara 700 da suka wuce yake so. Na riƙe tsanin, na kuma sha kallo.

Mai sauƙin cikinsu ita ce uwar baƙi. Bango baƙi, silin baƙi, labule baƙi, ga kyanwa baƙa da ba a sanin tana nan sai an taka ta. Ba mu ƙi ta ba, don kafin bazara za ta sake kiranmu mu mayar da komai fari, baƙin fenti kuwa ba ya ɓuya da shafa ɗaya. Na gaya mata cewa mutanen da take kwaikwayo haske suke nema ido rufe, har a 1240 Sarki Henry na Uku ya sa aka shafe babbar hasumiyar Landan da farar ƙasa. Ta ce ita dai a fim ta gani, kuma a fim duhu ne. Ƙaninta a wannan hanya shi ne wanda ke miƙo maka waya da hoton fim ɗin Game of Thrones, ya ce haka yake so kicin ɗinsa ya koma kafin Asabar.

Akwai kuma 'yan manne. Dutsensu takardar bango ce, gilashinsu mai launi leda ce da ake liƙawa a taga, ginshiƙinsu soso ne da yaro zai ɗaga da hannu ɗaya. Mutane na yi musu dariya, amma su ne masu asali a harkar. Kakansu Horace Walpole, ɗan firaministan Birtaniya na farko, wanda tun 1749 ya fara mayar da wani ɗan gida a Twickenham fada, ya kira shi Strawberry Hill. Rufin babban zaurensa, da kake rantsuwa sassaƙar dutse ce, da jiƙaƙƙiyar takarda aka yi shi. Murhun dumama ɗaki kuwa, daga kaburburan manya na Westminster da Canterbury aka kwafo zanensa. A yau kuɗi ake biya a shiga kallo.

Amma gwanina shi ne wanda ni da maigidana muke kira Mai Martaba, wani tsohon akanta da ya yi ritaya, ya rasa abin lissafawa sai ƙusoshin ƙofa. Tun daga bakin gida za ka fara ganin mulki. Ya so ya haƙa ramin ganuwa ya kewaye gidan, sai dai filin gabansa bai fi tabarma uku ba, ya ƙare da wani ɗan kududdufi mai jan kifi biyu, wanda ɗan kai wasiƙa ke tsallakewa ba tare da ya lura ba. Kana shiga, ga sulken ƙarfe tsaye ƙiƙam a lungun da dama mutum ɗaya yake ɗauka, dole ka bi a karkace. Matarsa, baiwar Allah mai haƙuri, a hannun jarumin take rataye lema.

Fitilar falon wata da'irar ƙarfe ce mai sarƙa, irin wadda ake saukowa da ita daga rufin majami'a. Rufin majami'ar Amiens a Faransa mita 42 ne daga ƙasa. Na Mai Martaba mita 2.4. Saboda haka duk baƙon da ya zo sai ya rusuna, ko yana so ko ba ya so, wanda ya manta kuma ya koma gida da ƙulu a goshi. Teburin cin abincinsa na mutum 12 ne, sai da aka cire taga aka shigar da shi. Shi yana wancan ƙarshen, uwargida tana wannan, in yana son gishiri sai ta taso. Tambarin zuriyarsa, zaki da takobi, daga intanet ya saya, da kuɗin aikowa. Talabijin na ɓoye bayan wani zanen farauta da aka saƙa a masana'anta, na'urar intanet kuwa ya kulle ta a cikin akwatin katako mai ɗaurin ƙarfe, sannan kullum yana faɗa da kamfani a waya cewa sabis ba ya kawowa.

Dodannin dutsen nan masu buɗaɗɗen baki da ake gani a saman tsofaffin majami'u, ba komai ba ne illa indararo da aka yi wa fuska, don ruwan sama ya zuba nesa da bango. Mai Martaba yana da guda huɗu, duk a kan kantar littattafai, inda ruwa bai taɓa sauka ba. Abu ɗaya ne bai yarda a mayar masa zamanin da ba: na'urar dumama gida. A nan ma yana da magabata. Sarki Ludwig na Biyu na Bavaria, da ya fara gina fadar Neuschwanstein a 1869, ya sa mata bututun iska mai ɗumi da bayan gida mai ruwa da wayar tarho. Da na ba shi labarin fadar Kajuru a Kaduna, wadda wani Bajamushe ya gina a shekarun 1980, har da hasumiyoyi da wurin ninƙaya, sai ya yi shiru, can ya tambaye ni ko a can ma sai an nemi izinin ƙaramar hukuma. Tasa ta hana shi yi wa katangar gida haƙora.

Akwai kuma masanin tarihi, amma shi ba ya ɗaukar lokaci. Zai shigo gidan wani ya ce kujerar ta ƙarni na 14 ce, madubin na ƙarni na 12, ba sa zama ɗaki ɗaya. Maganinsa ka ce masa ƙofa mai tsinin kai tana nan a masallacin Ibn Tulun na Alƙahira tun 879, kafin a keɓe sabon ginin majami'ar Saint-Denis a 1144. Yakan tuna yana da wani uzuri.

Ni kam ido ne nawa. Kan zakin ƙarfen nan na ƙwanƙwasa ƙofa da na sayo a kasuwar gwanjo, araha ce ta ja ni. Ƙofarmu ta roba ce, ba ta ɗaukar ƙusa, don haka maman yara take danne murfin tukunya da shi. In ta ɗauko sai ta ce, "Ranka ya daɗe, a ara mana sarauta."

Wanda ba na yi wa dariya shi ne mai kyandir, kuma bango ɗaya ne tsakanina da shi. Ya ce wutar lantarki tana kashe armashi, ya jera kyandira a kan taga, a kan matattakala, a gindin labulen karammiski mai jan ƙasa, bangonsa kuma soson nan ne da aka yi wa fentin dutse. Na'urar da ke ƙara in ta ji hayaƙi ta dame shi, ya hau kujera ya zare mata batir, wai ba ta dace da zamanin ba. Ƙofarsa sakata uku ce ta ƙarfe, ɗaya sai an sa kafaɗa. Majami'ar Notre-Dame da take dutsen gaske ta ci wuta a 2019, balle soso da karammiski. Yarana a bayan wannan bangon suke kwana. Na yi masa magana da lalama, ya ce ban fahimci fasaha ba. Na kira wanda ya ba shi hayar gidan, aka zo aka mayar da batirin, aka kwashe kyandiran matattakala. Tun ranar ba ya amsa gaisuwata, ni ma ban matsa ba.