Albasar Holan

Tun 1862 kasuwar furanni ke ci a kan ruwan Singel, a birnin Amsterdam. Rumfunan a kan jiragen ruwa suke, amma jiragen sun daɗe da yin ritaya. Ba inda za su.

Baƙo ya shigo yana baza hanci, yana jiran ƙanshi. Sai a miƙo masa ƙullin wani abu mai kama da albasa. Wai tulip ke nan. Furen yana ciki, malam. Ka binne kafin sanyi, ka jira bazara. Mai gaggawa kuwa ga na katako, ya sha jan fenti. Ba ban ruwa, ba yaushi.

A 1637, an ce albasar nan ta kai kuɗin gida sukutum. Alhali ko miya ba a yi da ita.